Gani ya kori ji: labarin faifan da na kai wa Baba

A cikin akwatin ƙarfen da nake ajiyar takardun gida, tsakanin takardar fili da takardun haihuwar yara, akwai wani faifan DVD guda ɗaya naɗe cikin tsohon kallabi. Wanda ya ga yadda aka adana shi zai zaci dukiya ce. In kuwa aka saka shi a na'ura, abin da ke ciki bai cika awa ɗaya ba, hoton kuma dishi-dishi ne, irin wanda yaran yanzu ba su da haƙurin kallonsa. Amma saboda wannan faifai sai da na yi tafiya biyu daga Maraɗi zuwa ƙauyenmu a tsakiyar damina, na kuma sha kunyar da har yau in na tuna ta nakan ji fuskata ta yi zafi.

Abin ya faro ne ran Asabar 20 ga watan Agusta na shekarar 2016. A ranar ne ɗan ƙasarmu Abdul Razak Isufu Alfaga ya shiga fagen takwando a wasannin Olimpik na birnin Riyo, a rukunin masu nauyin da ya wuce kilo 80. Ya kawar da Bafaranshe, ya kawar da ɗan masu gida na Birazil, bayan isha'i kuma muka ga ya kawar da ɗan Uzbakistan. Daga nan magana ta ƙare: ko zinariya ko azurfa, Nijar ta samu lamba. Unguwa ta ɗauki sowa, ƴan kabu-kabu suka cika titi da oda. Ina cikin wannan hali wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga ƙauye, can bayan Tasawa, ya ce ga Baba yana son magana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar gyaɗa ne a zamaninsa, kuma ya taɓa kokowa da ƙuruciya. A shekarar 1972, lokacin da Isaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a birnin Munik na Jamus, a rediyo ya ji labarin, yana zaune bisa buhunan gyaɗa. Tun muna yara yake ba mu labarin wannan dambe dalla-dalla, da naushin dama da na hagu, har sai da na girma na gane cewa bai taɓa ganin ko ƙyallinsa ba. Kunne ya ji, zuciya ta ƙarasa sauran. Shekara arba'in da huɗu ke nan ƙasar ba ta sake samun wata lamba ba. A wayar ya ce mini: «Ɗan lakwal, na Dabore da kunne na ji shi. Wannan ina son in gan shi da idona. An ce kana da abin kama hoto.» Na ce: «Baba, ku kwantar da hankalinku, kafin sati ya zagayo yana gabanku.»

Na yi wannan alkawari ba tare da ko ɗar ba, domin ni mutum ne da ya daɗe yana kama hoton talabijin. A ƙarshen 1993 na sayi na'urar bidiyo mai cin kaset, makonni kaɗan kafin a karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Da na yi jinkirin wata guda da albashina bai kai gare ta ba. Waccan na'ura ba ta san gardama ba. Duk abin da ya shigo talabijin, ka danna jan maɓalli, ya zama naka. Da ita na tara kokowar takobi ta shekaru da dama daga Télé Sahel, har da faɗuwa da tashin su Balla Haruna, kuma kaset ɗin nan sun zaga gidajen abokan aiki da na ƴan kasuwa fiye da yadda ni kaina na zaga su. Wasu sun dawo, wasu ana nan ana neman su. Da zamani ya juya, wajen 2007, na sayi na'ura mai rubuta faifan DVD, na juye abin da ƙura da zafi suka rage mini. Daga baya na kafa parabol, na sayi dikoda mai kawo hoto garau, wanda ake kira HD, na kuma haɗa mata ma'ajiya ta waje don ɗaukar shiri. A ganina na fi kowa shiri a unguwar.

Riyo tana bayanmu da awa huɗu, saboda haka wasan ƙarshe bai zo ba sai da dare ya raba. Na aro ƙaramin gurup wajen maƙwabci don gudun ɗaukewar wuta, na zauna da telekomand a hannu kamar mai gadi da sandarsa. Hadari ya taso daga gabas. A tsakiyar karawar ruwa ya sauko da ƙarfi, hoton ya farfashe ya koma dabbare-dabbare, ya tsaya cik na ƴan daƙiƙoƙi, sa'annan ya dawo. Radik Isayeb na Azarbaijan ya yi nasara, namu ya samu azurfa. Na ɗauki komai, har zuwa inda aka rataya masa lamba, aka ɗaga tutoci huɗu, tamu tana ciki. Da na sake kunnawa kafin asuba, ana iya ƙirga ɗigon gumi a goshin yaron. Na kwanta ina gode wa Allah.

Da safe na tashi in juye shi a faifai. Nan aka yi ta.

Wayar da ke ɗauke da hoto garau daga dikoda zuwa talabijin ita ce wadda ake kira HDMI. Na zare ta, na juya na'urar rubuta faifai, na duba bayanta sama da ƙasa, ban ga inda zan soka ta ba. Ramin da ke akwai na fitar da hoto ne, ba na shigar da shi ba. Na ce to, ba a rasa dabara. Ran Litinin na cire ma'ajiyar na tafi da ita wurin aiki, na haɗa da kwamfuta. Kwamfuta ta nuna cewa lalle akwai kaya a ciki, ta nuna nauyinsa, amma ta ƙi buɗe shi. Daga nan na nufi kasuwa, wurin wani saurayi mai gyaran kayan lantarki wanda na yarda da hannunsa. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi ya ce: «Alhaji, kayan naka ne, ma'ajiyar taka ce, kuɗin wata kai ka biya, amma mabuɗin ba ya hannunka.» Ya bayyana mini cewa abin da dikoda ta ɗauka a kulle take ajiye shi, ba ya buɗuwa sai a cikin ita wannan dikoda, irin tawa kuma ba ta buɗe shi sai da katinta a ciki, tana kuma jin tauraron ɗan Adam. Wato ko na ɗauke ta zuwa ƙauye, sai in haɗa da parabol da mai saita shi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Daga baya na bi diddigin al'amarin, domin na ƙi yarda a ce shekara ashirin da ɗoriya ina abu, rana ɗaya a wayi gari na zama baƙo a cikinsa. Abin da na fahimta kashi biyu ne, kuma na farko ba laifin kowa ba ne. Hoton talabijin kamar aikin hula yake: yawan ɗinki shi ne kyan zane. Hoton DVD a ƙasashe irin namu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, wato dubu ɗari huɗu da ƴan kai. Hoto garau kuwa ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, miliyan biyu da ɗoriya. Duk ɗan kasuwar da ya buga lissafin zai ga ninki biyar ne cif. Ƙa'idar da aka tsara DVD a kanta tun a shekarun 1990 ba ta san wannan babban hoto ba, kuma faifan jiga 4,7 kawai yake ɗauka, kimanin awa biyu na hoto madaidaici. Faifan da aka yi domin hoto garau shi ne Blu-ray, mai ɗaukar jiga 25, ko 50 in mai hawa biyu ne, domin shuɗin hasken da ke rubuta shi ya fi jan hasken DVD siranta, yana yin ƙananan rubutu a fili ɗaya. Kamfanin Sony ya fitar da na'urar farko mai rubuta shi a Japan a 2003. An yi ƴar takara da wani faifai na kamfanin Toshiba mai suna HD DVD, har Toshiba ta saduda a watan Fabrairu na 2008. Ni dai ban taɓa cin karo da na'ura mai rubuta Blu-ray a kasuwar Maraɗi ba, ko a Kano da nakan leƙa.

Kashi na biyu kuwa da gangan aka yi shi. Ko da na samu waccan na'ura, ba za ta fisshe ni ba, domin hoton da ke bin wayar HDMI a kulle yake tafiya, da wani tsari da ake kira HDCP. Dikoda takan tambayi abin da ke ɗaya bakin wayar ko shi wane ne. In talabijin ne mai nunawa kawai, ta sakar masa hoto, in mai ajiyewa ne, ta hana. Shi ya sa masu ƙera na'urorin gida ba su damu da yi musu ƙofar shigar HDMI ba. Masu fina-finai da masu sayen izinin nuna wasanni sun ga abin da ya same su a zamanin kaset. A Amurka har gaban kotun ƙoli aka je, a 1984 ta yanke cewa mutum ya ɗauki shiri a gidansa don ya kalla daga baya ba laifi ba ne. Amma kaset yana da wata kariya da Allah ya yi masa: in ka juye daga wani zuwa wani hoton yakan rage, juyi na uku ko na huɗu sai inuwa. Hoton zamani lissafi ne, juyi na dubu daidai yake da na fari. Abin da shari'a ba ta ba su ba, sai suka nema a cikin ƙarfe. Ko a Japan, inda na'urorin rubuta Blu-ray suka fi karɓuwa, tun 2004 aka ƙayyade wa mutum juyi ɗaya tak, sai a 2008 aka sassauta zuwa goma.

Ba zan yi munafunci ba. Wanda ya san kasuwanninmu ya san abin da masu juye faifai suka yi wa masu shirya fina-finan Hausa: mutum ya sayar da fili ya yi fim, kafin ya mayar da kuɗinsa an cika tebura da na jabu. Tsoron masu kaya yana da tushe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙofar da aka rufe don ɓarawo, ni ma da ke son in kai wa tsoho hoton tutar ƙasarsa ita aka rufe mini, alhali ɓarawon yana da na'urar da ke tsallake katangar, ni ne ba ni da ita. Wani abin mamaki kuma, a watan Yuli na wannan shekara ta 2016, wata guda kafin wahalata, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyo mai cin kaset, ya daina. Na'urar da ba ta tambayar izini ta mutu ina zaune ban ji sanarwa ba.

Mai gyaran nan ne ya nuna mini ƴar ƙofar baya da ta rage. A bayan dikoda akwai tsofaffin ramuka uku, rawaya na hoto, fari da ja na murya. Ta rawayan nan hoto yana fita ba kulle, sai dai an rage shi zuwa tsohon ma'auni. Na haɗa, na kunna dikoda tana nunawa, na'urar faifai tana rubutawa, ni kuma ina zaune ina kallon yadda ɗigo huɗu cikin kowane biyar suke zubewa a hanya. Gumin da na ƙirga ya ɓace. Lambobin maki a gefen allo sai an ƙura ido. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar wanda aka aika da ƙwaryar nono ya iso da tsala. Amma da babu gara ba daɗi. Na'ura ta gama, na zare faifai, na rubuta suna a kansa, ran Asabar na kama hanya.

A ƙauyenmu a lokacin talabijin ɗaya ne mai aiki, na wani mai shago da ke da faranti mai ɗaukar hasken rana da batir. Labari ya riga ni isa. Bayan magariba aka fito da talabijin ƙofar shago, aka shimfiɗa wa Baba tabarma a gaba, dattawa suka zauna, yara suka hau katanga. Aka saka faifai. Na'ura ta yi ta gurnani, ta tsaya, ta rubuta cewa babu faifai. Aka fitar, aka goge da gefen riga, aka hura masa iska, aka mayar. Haka sau biyar ko shida. Ba wanda ya ce uffan, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. Can Baba ya gyara zama ya ce: «Ba komai, ɗan lakwal. Tun da kai ka gani, ba mu labari.» Haka na tsaya gaban jama'a ina kwatanta shuri da hannu, na koma rediyon 1972.

Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Faifan da aka rubuta a gida sai an rufe shi kafin wata na'ura ta iya karanta shi. Wato bayan an gama ɗauka, sai a umarci na'urar ta rubuta masa jadawalin abin da ke ciki. In ba a yi haka ba, ita kaɗai da ta rubuta shi take gane shi. Na san wannan sarai, na yi shi ya fi sau ɗari, amma ɓacin rai da gaggawa suka mantar da ni. Aikin minti uku ne. Sauri ya haifi nawa.

Ban samu komawa ba sai da sallar layya, cikin watan Satumba. A tsakani kullum gabana yana faɗuwa, domin Baba ya haura saba'in da biyar, ƙafafunsa kuma sun fara kumbura tun bazara. Wannan karo sai da na gwada faifan a gidaje uku a Maraɗi kafin in saka shi a jaka. Daren salla aka sake fito da talabijin, jama'a ta fi ta farko yawa saboda ƴan ci-rani sun dawo gida. Hoto ya fito. Na soma ba Baba haƙuri cewa na ainihin ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba, ina ƙoƙarin yi masa bayanin ninki biyar. Ya ɗaga mini hannu. Ya matso da tabarmarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa teburin, ya kare ido da tafin hannu, ya ce: «Wanne ne namu?» A nan na lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba: yana ta rufe idanunsa biyu, ta dama ta fi kauri. Mutum biyu yake gani, ɗaya da shuɗin sulke, ɗaya da ja. Na gaya masa launin namu. Daga nan bai sake tambayata komai ba.

Ya bi karawar da jikinsa duka. In yaron ya ɗaga ƙafa, kafaɗar Baba ta motsa. Da aka zo wurin da ruwan Maraɗi ya tsayar da hoto, domin faifan ya kwashe har da wannan, sai ya ce: «Yawwa, sun tsaya suna auna juna. Haka manya suke yi.» Yara suka fashe da dariya, wani ya buɗe baki zai gyara masa, na harare shi ya yi shiru. Da aka ƙare ya ce shurin yaron yana da kyau amma ya yi wa abokin karawarsa kunya da yawa, kuma da kokowa ce da an ga abin da ya fi haka. Wajen ɗaga tutoci ya ce a tsayar. Na danna, hoto ya tsaya. Ya kai yatsa ya taɓa gilashin, daidai kan ɗigon da ke tsakiyar farin, ya daɗe a haka. Sa'annan ya ce a mayar daga farko. Sau uku aka kalla a daren, har batir ya ƙare.

Ya samu labarin zama zakaran duniya da Alfaga ya yi a Koriya ta Kudu a 2017, amma wannan a rediyo ya ji shi, bai kuma nemi hoto ba. Ya rasu a farkon 2018.

Kwafin nan mai hoto garau, wanda na yi ta baƙin cikin rashin kai masa, bai yi tsawon rai ba. Wata damina tsawa ta ƙone dikodar. Na sayi sabuwa, na haɗa mata tsohuwar ma'ajiya, ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, in na yarda ta share ta fara sabo. Na ƙi, na ajiye ma'ajiyar a aljihun tebur. Tana nan da kayanta a kulle, mabuɗin ya ƙone. Faifan ma ba na dogara da shi ba ne. Rubutun faifan gida a kan wani rini yake, zafi da haske suna cinsa sannu a hankali, zafin ƙasarmu kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Faifai marar rubutu ya yi wuya a kasuwa, kuma na karanta cewa Sony da kanta ta daina yin faifan Blu-ray na rubutawa a watan Fabrairu na 2025. Saboda haka na sa mai gyaran nan, wanda yanzu ya zama magidanci da ƴaƴa, ya juye mini shi a waya da kwamfuta. Wannan bai yi gardama ba, domin ta rawayan rami ya fito.

Kwanan baya jikana ya same ni ina kallonsa, ya ce don me nake wahalar da idona, ga shi nan a intanet garau. Ya nemo ya nuna mini, kuma gaskiyarsa, har gumin ya dawo. Muka kalla tare a wayarsa. Da muka iso tsakiyar karawar na ji ina jiran wurin da za su tsaya su auna juna, sai na ga sun wuce ba su tsaya ba.